Tsuntsun Da Na Kasa Samo Wa Dangi

Ko na so in manta da shekarar nan ba zan iya ba, don har yau in na ga tsuntsu yana shawagi a kan ruwa sai tsigar jikina ta tashi.

Zamanin En'e ne, ina sabon malamin daji a ƙasar Roni, kullum da littafi a hammata (ilimin ma a hammatar ya tsaya). Damina ta yi ƙarfi, wani tafki a gindin duwatsu ya cika da kifi. Sai masunta suka kai wa hakimi kuka cewa wani tsuntsu mai farin ƙirji ya sauka, idonsa kamar an ja masa kwalli, yakan faɗa ruwa ya nutse ɗungurungum, ya fito da kifi. Hakimi ya tura ni in gano ko mene ne.

Na isa da la'asar, wurin tsit, ko kwaɗo ba ya kuka. Na tarar tsuntsun ya sarƙe a komar masunta. Na duba, ba shaho ba ne, ba shirwa ba, ba gaggafa ba. Na kama ƙafarsa in ƙirga yatsu: uku gaba, ɗaya baya. Ina riƙe da ita, yana kallona da rawayan ido, sai yatsa ɗaya ya juya baya a hankali, suka koma biyu gaba biyu baya, irin na mujiya. Na sake shi, na zuba da gudu, na bar takalmi ɗaya a taɓo.

A gaban hakimi na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba shi da dangi a cikin tsuntsaye." Kowa ya gane nufina: mutanen ɓoye. Aka hana shiga tafkin. Mako uku masunta na zaune, ruwa na janyewa, kifi na mutuwa a taɓo, ni kuwa ina yawo ƙirji gaba, ana nuna ni wai na yi ido biyu da aljani.

Sai ga wani tsohon masunci daga kogin Haɗeja ya zo fatauci. Da ya ji labari ya yi dariya har da tari. A fada ya ce tsuntsun baƙo ne, duk kaka yana zuwar musu, kafin damina ya koma, yatsan kuma don riƙe kifi mai santsi ne.

"Malam ya yi gaskiya, gidansa daban ne, ba ya cikin shaho, ba ya cikin gaggafa," in ji shi. "Amma Allah ya ba ka nasara, tsuntsu ne."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Sarkin masunta, wanda iyalinsa suka yi ta kwana da yunwa saboda ni, bai zage ni ba. Gaishe ni ya yi da ladabi, abin da ya fi zagi ciwo.

Tun daga ranar, in abu ya shige mini duhu nakan ce ban sani ba. Kalma uku ce, kuma ba ta taɓa hana ɗan wani abinci ba.