Ranar da Huhun Rago Ya Rama

Ba zan taɓa mantawa da Babbar Sallar da na je Kibiya gaida Alhaji, mahaifin Rabi, ba. Ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin lafiya, shi kuma har lokacin bai ce ya ba ni ita ba. Na taso daga Rano cikin farar shadda, ina jin kaina likita (alhali ko allura ba a yarda in yi ni kaɗai ba).

Na tarar ana fiɗar ragon layya a ƙofar gida, Alhaji na kan tabarma da wasu dattawa, yana fama da tari.

"Yawwa, ɗan asibiti," in ji shi. "An ce min wai hanyoyin iskar huhuna ne suka kumbura. Ina ne nan kuma?"

Magana biyu ta isa. Amma idona ya faɗa kan huhun ragon a daro, sai na naɗe hannun riga na ɗauko shi.

"Baba, ka ga maƙogwaro? A nan ƙasa ya rabu biyu, kowane reshe ya shiga huhu ɗaya. In suka kumbura sai su tsuke, kaki ya taru, tari ya sa mutum a gaba."

Alhaji ya jinjina kai. Wallahi da na tsaya a nan, da na tafi da mutuncina. Ina! Sai na kafa baki a maƙogwaron na hura. Huhu ya tashi ya cika fam, dattawa suka ɗau salati. Na cire baki don in karɓi yabo, ban toshe bututun ba, ga shi ya saita fuskata.

Huhun ya dawo min da iskata gaba ɗaya, haɗe da kumfar jini. Ido, gemu, shadda, har cikin bakin da na buɗe ina murmushi.

Alhaji ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da aka riƙe shi ana bubbuga masa baya. Hajiya ta leƙo daga zaure ta ce, "Kai yaro, aure ka zo nema ko marainiya za ka mayar min da 'ya?" Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da Alhaji ya samu numfashi, ya goge hawaye ya ce, "Ka turo magabatanka. Wanda zai yi wannan wautar saboda tarina ba zai wulaƙanta Rabi ba."

Tun daga ranar na gane: in suruki ya yi tambaya, a amsa masa da baki, amma kada a ɗora bakin a kan komai.