Tumbin Yallaɓai

Jama'a, yau ban shiga ofis da ƙafar dama ba. Ko zama ban yi ba mai gyaran kwamfutocinmu ya tare ni, ido duk a waje, wai an gano ɓaraka a babbar manhajar da ke tafiyar da su. Ɓarawo yana kwance a ɗakinsa zai turo maka ɗan fayil, ko ba ka buɗe ba, kwamfutarka sarkin ladabi ta miƙa masa sunanka da kalmar sirrin da kake shiga layin ofis da ita.

Ni ba sirrin aiki ne damuwata ba, wane sirri gare mu banda gyangyaɗi? Tun gashina yana baƙi nake jiran ƙarin girma, sai a wannan watan aka ce sunana ya kai teburin Yallaɓai, shugaban sashenmu. Kalmar sirrina kuwa, Allah ya yafe mini, ita ce "tumbinyallabai".

Mai gyara ya ce maganin abin shi ne a sabunta manhaja kawai. Amma Yallaɓai, Allah ya ƙara masa basira, ba ya son aikin garaje. Ya kafa kwamiti, kwamiti ya haifi ƙaramin kwamiti, aka sha lemo, aka sayo ƙaton kwaɗo aka garƙame ɗakin kwamfuta, mu ga ta inda ɓarawon intanet zai bi. Sannan ya tara mu.

Ya gyara zama ya ce, "Sirrin da kowa ya sani ba ya satuwa. Kowa ya tashi ya faɗi kalmarsa."

Wallahi har na fara tunanin sana'ar da zan koma. Hajiya mai buga takardu aka fara kira, baiwar Allah da ko ƙuda ba ta kora da ƙarfi. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Tumbinyallabai, ranka ya daɗe."

Dogo na sito ya miƙe, ya ce tasa ma haka take, sai dai ya ƙara lamba ɗaya a ƙarshe don tsaro. Akawu ma haka. Da aka zo kaina, cewa kawai na yi, "Ina tare da 'yan'uwa."

Yallaɓai ya ja numfashi zai mayar da tumbin ciki, tumbi ya ce bai san zancen ba. Korar ofis guda kuma ba ta yiwuwa, wa zai ɗaukar masa jaka?

Mai gyara ya yi ta maza ya ce, "Ranka ya daɗe, hatsarin shi ne kowa kalma ɗaya."

"Abin da na tsana ke nan, rashin tsari! Wa ya fi daɗewa a nan?"

Duk yatsu suka nuno ni.

"To shi zai riƙe. Saura kowa ya nemi tasa."

Hajiya ta ɗauki sanƙon Yallaɓai, Dogo ya ɗauki minsharinsa. Ɓarakar kuwa tana nan a buɗe, kwamiti yana nazari.

Da yamma maƙwabcina tela ya leƙo ta taga. "Maƙwabci, an ba da girman?"

Na ce masa takardar ta koma ƙasan durowa, kuma abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma na ce ya taya ni murna. Tun da na fara aiki, yau ne karo na farko da aka raba wani abu a ofishin nan bisa cancanta, kuma ni aka ba kaso mafi tsoka.