Gonata ta Cikin Waya

Da na buɗe wa man gyaɗarmu shafin intanet, sai na raɗa masa sunan wani babban kamfani don masu saye su faɗo. Lauyoyinsu suka aiko takarda: in saki sunan ko mu haɗu a kotu.

Ko ɗar ban ji ba. A Tsanyawa wanda ya fara share fili shi ke da gona. Na kwashi dattawa uku shaidu, muka je gaban dagaci, na ce ana so a ƙwace mini gona.

Dagaci ya ce, "To Malam, mu je ka nuna mana iyakar."

Na miƙa masa waya.

Da na ga ba iyakar da zan nuna, sai na saki sunan, na sa na Innata, ciniki kuwa sai hamdala. Amma har yau ranar kasuwa sai an tare ni: "Malam, an kai wa gonar waya taki kuwa?"