Dusar Ƙanƙara a Gonar Baba

Ba zan taɓa mantawa ba da yinin bikin ƙanwata Hadiza, ko da yake Allah ya sani na yi iyakar ƙoƙarina in manta.

A lokacin ina Maradi ina koyon haɗa bidiyo a kwamfuta, a makarantar da Baba ke kira "lakol ɗin danne-danne". Shi ya so in zauna garinmu, kusa da Gazawa, in kama masa noma. Ni kuma na ci alwashin sai na yi abin da zai sa ya ɗaga kai a gaban mutane ya ce aikin ɗansa ne.

Sai malaminmu ya koya mana yadda ake sa dusar ƙanƙara ta zubo a hoto har ta taru. Zubowar ba wuya, taruwar ce aiki. Sai ka nuna wa kwamfuta duk wurin da ya fuskanci sama domin ƙwayoyin su zauna a kai, ka hana su shiga ƙarƙashin rumfa, ka sa su fi yawa a gefen da iska ke turo su. Ni da ban taɓa ganin abin ba sai a tele, na sayo garin rogo da rariya, na dinga tankaɗe a kan buta da takalmina ina kallon yadda yake kwanciya. (Matar mai gidan hayarmu ta leƙo ta gan ni. Tun daga ranar take gaishe ni da tausayi.)

Da hannuna ya faɗa, sai na ɗauko ɗan bidiyon gonar Baba da na ɗauka da damina. Gero ya fid da kai, kore shar, Baba na tsaye a gefe yana murmushin da ba kasafai yake yi ba. Na ce yauwa, a nan zan zuba. Na yi makonni ina fama, kwamfuta ta yi zafi, wuta ta ɗauke, in sake daga farko. Kowace zangarniya sai da na ɗora mata farar hula. Na liƙa shi a ƙarshen bidiyon da na haɗa don a nuna ranar bikin Hadiza, ina ji da kaina kamar na haƙa wa garin rijiya.

An sa bikin bayan kaka. Ban iso ba sai ranar ɗaurin aure, taksi ta sauke ni ana ta hidima, ban zauna da kowa ba. Bayan la'asar aka aro tele aka kafa a zaure, dattawa suka cika tabarmi. Hotunan ango suka wuce, aka yi dariya. Sai ga gona ta bayyana, na ji wani ya ce masha Allah a hankali.

Fararen ƙwayoyi suka fara saukowa.

Kawu Idi, ƙanen Baba, ya matso yana ƙanƙance ido. "Kai, mi ne ne wanga ke zuba?"

Na gyara tsayuwa na ce, "Ƙanƙara ce, Kawu. Ni na sa ta." (Ko "dusa" ban tsaya faɗa ba, don doki.) Har na ƙara da cewa su jira su gani, yanzu za ta rufe geron kaf.

Dattawa suka dubi juna. Na ɗauka mamaki ne, na ci gaba da bayanin iska da ƙwayoyi, ina nuni da yatsa. Kawu ne ya ja rigata ya raɗa mini cewa ƙanƙara ta sauka a gonar nan gero na gab da nuna, ta kakkarya shi a yini guda. Ko dami ba a ɗaure ba. Baba ne ya hana a faɗa mini, wai kada in bar karatu in dawo.

Na waiga na dubi Baba a kan tabarma. A tele kuwa abin nan na ta taruwa, lumui-lumui, da kiɗan da na zaɓa da kaina, har ya kai wa Baba gwiwa. Na miƙa hannu zan kashe, Baba ya ce in bari.

Ya kalla har ƙarshe, sannan ya ce, "Tamu ba a hankali ta zo haka ba." Ya nuna tele da hannu. "Maida shi baya, wurin da ba ka sa komi ba. In ƙara ganin geron."

Na mayar. Ya ce in sake, na sake. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗe mini wuri guda kamar ranar ba. Makonnin wahalata duka, ɗan guntun da ban taɓa ba shi kaɗai Baba yake so.

Duk lokacin da na buga waya ina tambayar damina, "Alhamdulillahi" yake cewa, ni kuma in wuce zancen caji da kati. Yanzu na gane, mutumin garinmu ko gidansa na ci da wuta haka zai amsa maka. Kafin ka zubo wa manomi wani abu daga sama, ko na ƙarya ne, ka fara leƙa rumbunsa.