Yadda Za Ka Ƙirga Kifin Teku Ba Tare Da Ka Jiƙa Ƙafa Ba

Ni ne Daeng Ngalle; Daeng a wajenmu kamar a ce malam ne. Aji huɗu na yi a firamare na ajiye, na yi shekara ashirin da shida ina jan taru kafin gwiwata ta ce ta gaji. Yau ni ne jami'in ƙirgar kifi na ƙauyenmu, da riga da hula da alawus na wata-wata, daga kuɗin tallafin da gwamnati ta ware don ta san yawan kifin da ke cikin teku. In ka bi abin da zan faɗa maka daki-daki, na yi maka alkawari cikin shekara guda za ka samu duk waɗannan, har da takardar yabo ta ratayawa a bango, kuma ƙarnin kifi ba zai taɓa hannunka ba. Ba labari na ji ba, yi na yi.

Abu ɗaya ka riƙe. Garinmu duka wuri guda yake ci, wato Taka Bulang, duwatsun ƙarƙashin ruwan nan da ke tafiyar awa ɗaya a kwalekwale. In babu Taka Bulang, babu mu. Na san naku garin ma yana da irinta.

Mataki na ɗaya: Ka zama surukin mai gari

Takardar gwamnati ta ce wanda ya gama sakandare ake so. Mai gari ya ce wanda ba zai ba shi kunya ba yake so. Matata 'yar ƙanwarsa ce. Magana ta ƙare.

Za a kai ka otal a birni kwana biyu, a ɗaki mai sanyi kamar wurin ajiyar ƙanƙara. Wadda ta koyar da mu Ibu Nurlela ce, wato uwargida Nurlela, malamar jami'a, mace mai kirki da take son kifi tsakani da Allah, sai dai a hoto ta fi saninsa. Duk abin da ta faɗa ka gyaɗa kai. Kada ka yi tambaya. Mai tambaya shi ake tunawa da fuskarsa, kuma wanda aka tuna shi ake kawo wa ziyara.

Mataki na biyu: Ka kai kayan aiki inda za su yi amfani

Za a ba ka sikeli, da allon awon tsayin kifi, da fom guda ɗari uku. Sikelin ka ba matarka, za ta auna shinkafa. Allon ya yi daidai da ƙafar teburin da ke rawa. Rigar kuwa ka sa ta kullum, har wurin ɗaurin aure. Mutum mai riga ko barci yake yi, aiki yake yi.

Mataki na uku: Ka tambaya daga nesa

An ce ka tsaya a bakin ruwa ka auna kowane kwando. Wanda ya rubuta wannan bai taɓa sa hannu a kwandon wani ba. Ka samu benci a rumfar shan kofi, inda kake hango kwalekwale na shigowa, ka ɗaga murya.

Ka san al'adarmu. Masunci ba ya faɗin abin da ya kama da bakinsa. Teku tana ji, ta ce ka ƙoshi, gobe ta hana ka. Dangi ma suna ji, su zo da kwanuka. Maƙwabci yana ji, ya biyo ka da asuba. Saboda haka amsa ɗaya ce tun zamanin kakanni.

Ka ɗauki Daeng Tompo, tsohon da ya koya mini ɗinkin taru. Ranar farko na gan shi da 'ya'yansa biyu suna nishi da kwando, ƙafafunsu na nutsewa cikin yashi.

Na ce, "Kawu, yau fa an samu?"

Ya ce, "Ina fa! Na miya ne kawai."

"Miyar gari guda?"

"Kai Ngalle, da ka samu rigar gwamnati sai idonka ya ƙara girma? Duwatsu ne a ciki, zan gyara murhu."

"Duwatsun naka suna motsi, Kawu."

"Uwarka ma tana motsi. Rubuta abin da na faɗa maka."

Na rubuta kilo biyu. Dattijo ya faɗi magana, kai wane ne da za ka ƙaryata shi a takarda? Haka na yi wa kowa, kwalekwale arba'in da ɗaya, wata tara.

Mataki na huɗu: Ka sa takarda ta yi kama da ta sha wahala

Kada ka rubuta biyu kullum. Yau biyu, gobe uku da rabi, jibi ɗaya. Mutanen ofis suna son rabi, yana nuna ka yi awo. Kafin ka aika, ka ɗora fom ɗin a kan katakon da matarka take gyaran kifi. In ya isa ofis yana wari, ba mai riƙe shi ya daɗe.

Ka kula da ranar Idi, ba mai fita su. Ka kuma riƙa zuwa jana'iza. Akwai wani tsoho da ya rasu a wata na uku, amma a takardata bai daina kamun kifi ba sai a wata na shida.

Mataki na biyar: In an zo da sakamako, ka sunkuyar da kai

Wata safiya Ibu Nurlela ta iso da mota, aka tara mu a ɗakin taron mai gari. Ta manna wani zane a bango, layi ja yana gangarowa kamar mai faɗuwa daga kan kwakwa. Ta ce a duk gaɓar nan babu inda kifi ya ƙare kamar wurinmu. Ta ce ta yi lissafi, abin da muke kamawa ko kuɗin man injin ba ya fitarwa, ta rasa yadda muke rayuwa. Har idonta ya kawo ruwa. A gefenta kuwa mai gari yana zaune da ciki kamar tulu.

Daga nan ta ce don a cece mu, za a rufe Taka Bulang shekara biyu, kifi ya huta.

Duk ido ya dawo kaina. Ni kuma na mai da nawa kan Daeng Tompo. Kai ma haka za ka yi, ka nemi wanda ya girme ka ka zuba masa ido.

Ta bi idona ta ce, "Baba, kai ne babba. Faɗa mini gaskiya, jiya nawa ka kama?"

Jiyan nan kwando shida ya sauke, kowa ya gani. Amma ga taga a buɗe, teku na kallonmu, ga surukansa uku a bencin baya sun miƙa wuya. Tsoho ya cire hula ya mayar.

Ya ce, "'Yar nan, na miya ne kawai."

Ta dafa ƙirji ta ce, "Kun ji ko?"

Da ƙyar mai gari ya roƙe ta, ta yarda a ƙara wata uku ana ƙirga kafin a sa hannu.

Mataki na shida: Ka bar jama'a su taimaka maka

Motarta ba ta gama fita gari ba rumfar kofi ta cika. Wani ya ce a jefa ni a ruwa da rigar. Na ce, "Ku dakata. Abin da bakinku ya faɗa na rubuta. Wanda yake son a canza, ya faɗi gaskiya yanzu kowa ya ji."

Kowa ya koma kan kofinsa.

Daeng Tompo ne ya warware. Ya jawo kujera ya ce, "Ngalle, teku tana ji, wannan mun sani. To ta iya karatu?"

Aka yi shawara, aka ga ba ta yi makaranta ba. Tsoho ya karɓi biro, ya kare takarda da hannu, ya zana kilo sittin. Ka ga matsalar ta mutu. Da an tsaya nan.

Sai dai na kusa da shi ya leƙa. Ya ce, "Tompo sittin? Wannan da ko ƙugiya ba ya gani? Ba ni biron nan." Ya rubuta ɗari. Na bayansa ɗari biyu. Mutanen da suka shekara hamsin suna ɓoye kamunsu, yau sun samu hanyar yin alfahari ba tare da zunubi ba. Kowace safiya layi ake yi a gabana. A wata na uku na ƙarin, kwalekwalen Daeng Tompo, wanda in mutum huɗu suka hau sai an kwashe ruwa, ya shigo da tan biyu ranar Talata.

Kai dai kada ka hana kowa. Naka sa hannu a ƙasa.

Mataki na bakwai: Ka karɓi yabo da hannu biyu

Ibu Nurlela ta bugo waya. Ta ce, "Daeng, wannan ba zai yiwu ba. Kifi ba ya haihuwa haka."

Na ce, "Ibu, tun da kuka zo ya ji tsoro."

Ba ta yi dariya ba, ta ce za ta kai wa maigidanta na ofis. Shi kuwa ya fi ta sanin aiki. Lokacin sabunta tallafi ya zo, kuma ba a sabunta wa wanda bai nuna nasara ba. Ga ƙauyen da kifinsa ya mutu, aka yi masa taro ɗaya ya tashi ninki ɗari. Aka buga mu a rahoto, da hotona a bangon littafin ina riƙe da kifin da aka aro mini. Ba a rufe Taka Bulang ba. Muka yanka akuya.

Mataki na takwas: Kada ka karanta shafi na ƙarshe

Ni ban karanta ba, shi ya sa na ci akuyar da daɗi. A can aka rubuta cewa kifin Taka Bulang ya fi ƙarfin ƙananan masunta, zai yi asara in an bar shi. Aka ba manyan jirage huɗu na birni lasisi, kowanne da tarun da zai lulluɓe filin ƙwallo. Muka tafi ofis mu yi ƙorafi, aka buɗe mana fom ɗinmu, da rubutun hannun kowa.

Wata biyar jiragen suka yi suna sharar Taka Bulang.

Makon jiya ina kan bencina Daeng Tompo ya shigo, shi kaɗai, kwandon a hannu ɗaya. Ban tambaye shi ba. Ya zo ya juye shi a kan teburin kofi, a gaban kowa, ya juya fuskarsa wajen teku ya ɗaga murya.

"Guda shida. Ta ji in tana so. Je ka ɗauko sikelin wurin matarka, ka auna, ka rubuta."

Na ɗauko na auna. Kilo ɗaya da rabi, rabin gaske. Tun da na fara aikin nan wannan ne fom na farko da na cika da gaskiya. Shekaranjiya aka dawo mini da shi da jan biro a sama. An ce bai dace da sauran bayanan ba, tabbas kuskure ne, in gyara. An kuma sa sunana cikin waɗanda za a sake kaiwa otal don ƙarin horo.

Sanarwa

Wanda ya bi waɗannan matakai ya samu riga, ya gode wa Allah. Wanda ya bi su aka kwashe masa teku, kada ya zo ƙofar gidana. Ni ban kama kifin kowa ba, ban ba kowa lasisi ba, kuma aji huɗu na yi. Mai ƙorafi ya rubuto a takarda, ya faɗi daidai yawan kifin da ya rasa. Zan ƙirga.