Kwabon Rum a Hannun Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na naɗa wa Sarkin Rum rawani ba.

Ina shekara ta huɗu a karatun Fiƙihu a Alƙahira lokacin da Baba Alhaji, mahaifin yarinyar da nake nema, ya zo aikin ido. Ni aka ɗora wa zagayawa da shi. Na ƙudurta sai ya koma Zariya yana cewa 'yarsa ta dace da masani, saboda haka duk abin da ya tambaya sai na amsa, ko na sani ko ban sani ba (galibi ban sani ba).

A Wustul Balad, tsakiyar birnin, muka shiga shagon kayan tsaraba. Baba ya ɗauki wani kwabon tagulla, irin kwaikwayon na dā, ya kai shi kusa da sabon idonsa.

"Malam, wane ne wannan mai gemun?"

"Wani shehi ne, Baba, na zamanin daular Faɗimiyya," na ce, ko gezau. "Ga rawaninsa nan."

Ya juya bayan kwabon. Mace ce a tsaye, sikeli a hannu ɗaya, ƙaho cike da 'ya'yan itace a ɗayan, ga haruffan S da C.

"Ita kuma fa?"

"Uwargidansa ce. Dabino take sayarwa."

Baba ya gyaɗa kai. Sai ya juya ga mai shagon, ya tambaye shi da Larabci tsantsa. (Kwana uku ina yi wa Baba tafinta.)

Mai shago ya ce ai Hadriyan ne, Sarkin Rum. Abin da ke kansa ba rawani ba ne, kambin ganye ne na nasara. Matar kuwa gunkin adalci ce: sikelin alkawari ne cewa ba za a tauye awo ba, ƙahon alamar yalwa, haruffan kuma amincewar majalisar dattawa.

"Tamam," in ji Baba. Ya dube ni. "Haka ni ma na koya wa ɗalibaina shekara talatin. Amma bayaninka ya fi daɗin ji."

Na tsura wa takalmina ido har muka kai tashar jirgin metro.

Auren dai an yi, Allah ya rufa asiri. Amma tun daga ranar, kafin in yi wa dattijo darasi, sai na fara tambayar wane aiki ya yi kafin ya yi ritaya.