Ranar da Na Tura Motar Bature

'Yata Rabi ce ta kai ni Birmingham kallon tsofaffin motoci. Na ga wani dattijon Bature yana ta murɗa ƙarfen tayar da inji a gaban motarsa, ta ƙi tashi. Ni da na girma a Kano, ai na san maganin mota mai gardama. Na ɗaure mayafi a ƙugu, na yi bisimilla, na tura.

Ashe gangare ne. Dattijon ya yi tsalle gefe, motar da ta girmi kakata ta tafi ba direba, sai tarin ciyawa ne ya tare ta lafiya.

"Mama, ko taɓa su ba a yi!" in ji Rabi.

Har yau in bas ta makara a unguwarmu ta Longsight, sai Rabi ta ce, "Mama, ko za ki je ki turo ta?"